Mai Fenti a Bayan Labule

Shekara da shekaru Ticha yana koyar da Turanci a cibiyar karatun manya da ke saman shagon masu facin taya, amma har yau sunansa malamin wucin gadi. Duk ƙarshen zango sai Darakta ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ƙara haƙuri, ana duba maganarka a sama." Ticha ya washe baki ya ce ai babu komai, ranka ya daɗe, sannan ya haura aji ya juye haushin a kan ɗalibai. Su kuwa ɗaliban ba yara ba ne. Akwai Direba, akwai Tela, mace mai 'ya'ya har da jika, akwai Mai Gadi da furfurarsa, da wasu irinsu, mutanen da ke rufe sana'a da yamma su zo su takure a benci don su sami takardar shaidar da za ta buɗe musu wata ƙofa.

Ticha mutum ne da ya ɗauki kansa da nauyin da ƙafafunsa ba za su iya ɗauka ba. Ko ana zafin da kwalta ke narkewa, taye na shaƙe a wuyansa. Turancinsa ta hanci yake fitowa, kuma in ɗalibi ya yi kuskure ba ya gyara masa sai ya fara maimaita kuskuren da muryar mai shi, a hankali, yana kallon silin. Dokar da ya fi alfahari da ita kuwa ita ce ba a Hausa a ajinsa. Wanda ya yi suɓul da baka ya tashi ya tsaya a bayan aji, ko da ya haifi Ticha.

Ana nan sai labari ya zo cewa hedkwata ta ba cibiyar gurbin malamin dindindin, guda ɗaya tak. Masu nema biyu ne, Ticha da Sabuwar Malama, wadda ta zo bara, wadda kuma ake jin dariya na tashi daga ajinta, abin da Ticha ya ɗauka babbar shaidar rashin iya aiki. Za a turo Sufeto ya zauna a ajin kowannensu ya ga yadda yake koyarwa. Wanda ya faɗi kuma, Darakta bai ɓoye ba, sai ya nemi wani wurin, don za a haɗe azuzuwan.

"In ba ka shawara," in ji Darakta, ya rage murya, "mutumin nan ba ya ƙaunar hadda. Darasi mai rai yake so, ɗalibi ya dubi abin da ke gabansa ya yi magana da bakinsa."

Ticha ya ce ai shi da ma haka yake koyarwa. Ƙarya yake yi. In aka cire hadda daga ajinsa babu abin da zai rage sai allo da alli. Ya wuni yana saƙa da warwara, daga ƙarshe ya samo mafita irin tasa, wato zai sa a haddace rashin haddar.

Darasin da ya faɗo a makon shi ne yadda ake faɗa da Turanci cewa ka ga mutum, ko ka ji shi, yana cikin yin wani abu. Ganinka da aikinsa sun zo a lokaci guda, kuma duka biyun sun wuce. "I saw him running," na gan shi yana gudu. "I heard her crying," na ji ta tana kuka. Abu ne mai sauƙi, sai dai Ticha yakan faɗe shi kamar a gidansu aka ƙirƙiro. Dabarar da ya tsara ita ce ɗalibai su taso su tsaya a taga su kalli waje, a ja labule, su koma su zauna, kowa ya ba da labarin abin da ya gani da abin da ya ji. Shi kuma zai juya wa tagar baya tun farko, don Sufeto ya shaida cewa malam bai ga komai ba, daga bakin ɗalibai yake ji.

Matsalar guda ce. Tagar ajin bayan gini take kallo, kuma babu abin da ke wurin sai tankin ruwa, da tulin tsofaffin tayoyi, da doguwar katangar sito wadda fentinta ya ɓaɓɓare, da wata kyanwa da ba ta motsi sai ta ga dama. Ba a gina makoma a kan kyanwa. Ana bukatar mutum mai hawa da sauka, mai abin kallo da abin saurare, wanda kuma zai yi daidai abin da aka ce masa ba tare da tambaya ba. Ticha ya ƙura wa katangar ido, sai Yaya ya faɗo masa a rai.

Yaya mai fenti ne. Shi ya riƙe Ticha tun rasuwar mahaifinsu, shi ya bar makaranta ya ɗauki buroshi don ƙaramin ya ci gaba da tasa. Duk gidan da ya shafe sai ya gaya wa masu gidan cewa ƙaninsa malamin Turanci ne, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Ticha kuwa bai taɓa gaya wa kowa a cibiya cewa yana da wa ba. Rabonsa da gidan Yaya har an yi haihuwa an yaye.

Ya same shi a tsakar gida yana wanke kayan aiki a cikin wani tsohon galan da aka yanke wa kai.

"A'a, Auta! Yau wace rana?" Yaya ya miƙe yana goge hannu a wando, ya ƙwala wa matarsa kira. "Fito ki ga wanda ya tuna da mu."

Matar Yaya ta leƙo daga kicin da wuƙa a hannu, ta dube shi daga sama har ƙasa. "Bature da kansa. Lafiya dai? Ko hanya ka ɓata?"

Ticha ya yi 'yar dariya, bai zauna a kujerar da aka miƙo masa ba sai da ya kaɗe ta da hankici. Ya yi gaisuwa a gurguje ya shiga bayani. Yaya zai shigo ta ƙofar baya da tsani a kafaɗa, ya jingina a katanga, ya hau, ya yi shafe yana waƙa. Shi ke nan. Darakta ma ya yarda, tunda fentin kyauta ne.

"Tsani?" in ji matar Yaya. "Ba ka ji likita ya hana shi hawa ba? Ina za ka ji. Tun bara jiri yake ɗibarsa. Yanzu iyakarsa inda hannu ya kai, aikin sama wasu yake ba wa."

"Ai ba dogon hawa ba ne, Anti."

"In ba dogo ba ne ka hau da kanka mana."

"Ke, bari," in ji Yaya. "Aikin Auta ake magana. Dindindin fa aka ce. Ni da na shafe benaye, katangar sito ce za ta gagare ni?" Murna ta cika masa fuska, don rabon da ƙaninsa ya nemi wani abu a wurinsa har ya manta. "Wace waƙa kake so?"

"Kowace ce, muddin za a ji ta a sama. Amma Yaya, akwai abu ɗaya." Ticha ya gyara tabarau. "Dole abin ya zama kamar kwatsam aka gan ka. Kada ka ɗaga mini hannu, kada ka dubi taga. Kuma don Allah kada ka kira ni Auta a wurin. Kada ma ka kira ni sam. Kai mai fenti ne da aka ɗauko, ba ka san ni ba."

Matar Yaya ta ja tsaki ta koma kicin. Yaya ya dubi ruwan galan, sannan ya ce, "Ai na gane. Sirrin aiki ne." Ko ya gane, ko ya gane ya haɗiye, Ticha dai bai tsaya bincike ba.

Aka shiga gwaji. Kullum da yamma Yaya ya bar aikin da zai ciyar da gidansa ya zo ya yi ta hawa da sauka da busasshen buroshi, don kada katangar ta ƙare kafin ranar. A sama kuma Ticha ya raba wa kowa jimlarsa. Direba ya gan shi yana ɗauke da tsani. Tela ta gan shi yana hawa. Mai Gadi ya ji shi yana waƙa. Har inda za a yi ɗan jim kamar ana tunani sai da aka haddace, har da wadda za ta yi kuskure da gangan don Ticha ya gyara mata cikin murmushi. Murmushin ma sai da ya gwada shi a gilashin taga, don ya daɗe bai yi amfani da shi ba.

In an tashi, Yaya yakan laɓe a bayan tankin ruwa har ɗalibai su watse, sannan ya fito yana haki.

"Na yi daidai?"

"Waƙar ba ta fita sosai. Kuma kana tsayawa a tsakiyar tsani, na baya ba sa ganinka. Ka hau har ƙarshe."

"Har ƙarshe," in ji Yaya, ya ɗaga kai ya auna katangar da ido. "To. Gobe za ka gani."

Mutane sun fara lura. Sabuwar Malama ta tare Ticha a matakala tana dariya, ta ce wane irin mai fenti ne wannan, kullum yana shafe bango bai canja launi ba? Ticha ya ce ta tambayi Darakta, shi ba ya shiga harkar lebura. Tela kuwa ba dariya ta yi ba. Ta jira aka tashi, lokacin da Hausa ta halatta, ta ce, "Malam, dattijon nan ba ya gajiya? Na ga yana dafe kai in ya sauko."

"Sana'arsa ce," in ji Ticha. "Irinsu sun saba."

Ana gobe Sufeto zai zo, Ticha ya tsaya a gaban aji ya yi musu kashedi, yau da Hausa ma, don kada wani ya ce bai fahimta ba. "Ko gini ne ya kama da wuta, kowa ya zauna ya faɗi jimlarsa. Wanda ya buɗe baki ba layinsa ba, ko ya yi mini Hausa a gaban baƙo, ya manta da jarrabawar bana, don ba zan tura sunansa ba." Suka yi tsuru-tsuru. Direba, wanda wani kamfani ya yi wa alkawarin aiki in ya kawo takarda, ya sunkuyar da kai yana motsa leɓe da jimlarsa.

Sufeto ya iso da ƙaton ciki da ƙaramin biro, daga gani ya ci ya ƙoshi kafin ya taho. Ba ya jin Hausa ko ta neman ruwa. Aka ajiye masa kujera a ƙuryar aji, nesa da taga, ƙarƙashin fanka, Darakta a gefensa. Ticha ya buɗe darasi da murmushin nan, ya cika allo da misalai, sannan ya yi kamar yanzu dabara ta faɗo masa, ya ce kowa ya taso ya leƙa taga. Kafin ya juya baya ya saci kallon ƙasa, sai ya ga abin da bai tsara ba.

Yaya ya shigo da tsani a kafaɗa, a daidai lokaci. Amma ba da kayan aikinsa masu dabbare-dabbaren fenti ba. Doguwar riga ce fara ƙal ta sha guga, wadda yake ajiyewa a ƙasan akwati don manyan ranaku, da baƙin takalmi sau-ciki mai sheƙi, sabo fil. Ranar Auta ce, ina zai zo da tsumma ya ba shi kunya a gaban manya? Ticha ya ji kamar ya leƙa ya zage shi. Wane mai fenti ne ke zuwa aiki haka? Abin da ya dame shi ke nan, kada Sufeto ya taso ya gani ya gane shiri ne. Santsin sabon takalmi a kan tsanin ƙarfe bai ko gifta masa a rai ba.

Sufeto bai taso ba. Fanka ta riga ta fara aiki a kansa.

Waƙar Yaya ta taso daga ƙasa, muryar tana rawa amma yau da ƙarfinta. Ɗalibai suka kalli abin da suka gaji da kallo, aka ja labule, kowa ya koma mazauninsa. Ticha ya tafa hannu, ya tambaye su da Turanci me suka gani. Direba ya yi jim ɗin da aka koya masa, ya ce, "I saw a man carrying a ladder." Tela, wadda bencinta ke jikin taga, ta ce, "I saw him climbing." Mai kuskuren gangan ta yi kuskurenta, Ticha ya gyara mata da lallashi. Sufeto ya buɗe ido ya gyaɗa kai, biro ya motsa a kan takarda. Ticha ya ga motsin biron nan, daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa.

A nan waƙar ta yanke. Aka ji ƙarfe ya karci bango, bokiti ya daki siminti, sannan wani abu mai nauyi ya faɗi, tim. Ajin ya yi tsit, sai kukan fanka. Daga ƙasa murya ta taso, sau ɗaya, ba da ƙarfi sosai ba.

"Auta!"

Ticha ya ji. Babu wani kauce-kauce a nan, ya ji sarai, kuma ya san muryar fiye da tasa, don ita ta riƙa tashinsa zuwa makaranta. Alli ya karye a hannunsa. Tsakaninsa da labule taku kaɗan ne. Ya dubi labulen, ya dubi Sufeto, wanda ya ɗaga gira yana tambayar mene ne, biro a tsaye.

"Masu taya ne a ƙasa," in ji Ticha da Turanci, har da 'yar dariya. "Haka suke yi mana kullum."

Darakta ya gyaɗa kai da sauri. Ya san akwai mai fenti a baya, amma shi ma ba ya son a koma hedkwata da labarin da ba na yabo ba.

Ticha ya kasa kunne. In abin mai tsanani ne ai zai sake kira, haka ya gaya wa kansa. Ba a sake kira ba. To ka ji, ashe bokiti ne ya kife, tsohon ya tsorata, yanzu haka yana can yana kakkaɓe riga. Da ma wa ya ce ya sa ta? Kafin ƙiftawar ido Ticha ya gama shari'ar, ya wanke kansa, har ya samo mai laifi. Ya nuna Mai Gadi da guntun alli, ya tambaye shi me ya ji.

Mai Gadi ya miƙe. Idonsa na kan labule. Shi ma ya ji abin da kowa ya ji. Amma takardar nan ce tsakaninsa da gadin ofis mai kujera da inuwa, kuma an ce ko gini ya kama da wuta.

"I heard him singing," in ji shi, ya koma ya zauna.

Tela ta ɗaga gefen labule da yatsa ta leƙa. Ta miƙe zumbur.

"Malam, mutumin nan…"

"English!"

Ta buɗe baki tana laluben Turancin, ba ta samu ba, don ba a ba ta wannan jimlar ba. Duk abin da ke kanta shi ne ta gan shi yana hawa, kuma ta riga ta faɗa. Ticha ya ce mata ta zauna, layinta ya wuce, murmushi a fuska, haƙora a cije. Ta yi masa irin kallon da ake yi wa abin da aka tako a hanya, ta ɗauki jakarta.

"Riƙe takardarka," ta ce da Hausa garau. "Direba, taso, da mota ka zo."

Direba ya dubi Ticha, ya dubi ƙofa. Sai da ta kai bakin matakala ta sake kiransa sannan ya tashi, yana ba Sufeto haƙuri da hannu biyu. Sauran suka zauna. Ba mugaye ba ne, kowa dai yana da abin da yake tsoron rasawa, kuma sun ga malam da kansa bai motsa ba.

Ticha ya bayyana wa Sufeto cewa haka koyar da manya yake, kowa da uzurin iyali. Ya ci gaba. Abin takaicin shi ne bai taɓa koyarwa da kyau kamar wannan yammacin ba. Murya ta buɗe, misalai na zuwa masa da kansu, yana zagaya aji yana rabon yabo. Yana jin ƙofar baya ta buɗe, yana jin muryoyin masu taya, yana jin wani na cewa a riƙe ƙafar a hankali, yana jin mota ta tashi. Duk wanda ya ji sai ya ƙara ɗaga murya. Jimlolin Tela da Direba na zagaye na biyu ya raba wa wasu, ba a ko ga gurbinsu ba.

Da aka tashi Sufeto ya kama hannunsa ya girgiza. Ya ce ya zaga cibiyoyi da yawa, bai ga malamin da hayaniya ba ta ɗauke wa hankali kamar wannan ba. Ajin Sabuwar Malama da ya gani jiya, in ji shi, dariya ta yi yawa, tsari ya yi kaɗan. Ba sai an jira hedkwata ba, magana ta ƙare, gurbin na Ticha ne. Ticha ya riƙe masa jaka, ya raka shi ta ƙofar gaba, ya tsaya yana ɗaga hannu har motar ta sha kwana. Sai a sannan ya zaga baya.

Tsani na kwance a ƙasa. Fenti ya malale a siminti, an tattaka shi, sawu ya bi har bakin ƙofa. Can saman katanga, kusa da ƙarshe, shafen ya tafi sumul, sannan ya ja wani dogon layi karkatacce ya yi ƙasa. Mai facin taya ya gaya masa asibitin da aka nufa, ya ƙara da cewa, "Malam, kun san danginsa kuwa? Mun tambaye shi ko yana da wani a nan kusa, ya ce babu, sai lambar matarsa ya bayar."

Ticha ya ce zai bincika.

Ya same su a ɗakin 'yan haɗari, rana ba ta gama faɗuwa ba. An farke farar rigar da almakashi daga ƙasa har ƙugu, an ɗaure ƙafar. Ƙashin ƙugu ne, in ji wata nas da ke wucewa, sai an yi aiki, kuma a shekarunsa tafiya ma sai a hankali in an dace. Matar Yaya na zaune a bakin gado, ba ta ɗago ba. Tela na tsaye jikin bango ta rungume jakarta, fenti ya ɓata mata kaya har gwiwa. Daga yadda ta dube shi ya san an riga an gaya mata ko shi wane ne a wurin mai fentin.

Yaya ya buɗe ido. Allura ta sa muryarsa ta yi nauyi.

"Auta. Yaya aka yi? An ɗauke ka?"

"An ɗauke ni, Yaya."

"Dindindin?"

"Dindindin."

"Alhamdu lillahi." Ya lumshe ido, hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne, kuma na murna ne, abin da ya fi ciwo ke nan. "Ka yafe mini, bakina ya suɓuce. Ka ce kada in kira, sai kawai na ji sunan ya fita da kansa. Ina tunawa na cusa hannun riga a baki na cije, na ce ko mutuwa zan yi ba zan ƙara ba. Sai tsoro nake ko baƙon ya ji na ɓata maka."

Ticha ya dubi hannun rigar. Ya jiƙe, ya yamutse, haƙori ya huhhuda shi.

"Ba ka ɓata komai ba," ya ce.

"Ai na gaya mata." Yaya ya nuna matarsa da haɓa. "Tun ɗazu take faɗa, wai kana ji ka ƙi saukowa. Na ce ke ba ki san wurin ba. Bene ne, ga fanka, ga labule, ga Turanci ana yi. Auta zai ji ni a ƙasa ya tsaya? Gaya mata da bakinka ta bar ni in huta. Ka ji kiran?"

Matar Yaya ta ɗago a karon farko. Tela ba ta kawar da ido daga kansa ba. Ticha ya san in ya faɗi gaskiya Yaya zai yafe masa kafin ya rufe baki, ya kuma san ba shi da zuciyar da zai tsaya a yafe masa a gaban matan nan.

"Ban ji ba, Yaya."

"Kin ji ko?" in ji Yaya. Ya lalubo hannun ƙaninsa a kan bargo ya riƙe gam. "Ni na goya shi, ni na san shi."